Ranar da Na Hana Sarjan Zare

Abin nan ya faru bayan babbar yunwar da ta kashe shanu. Soja sun riga sun karɓi ƙasa, amma yunwa ta biyu ba ta zo ba tukuna. Shekarar ce rijiyar unguwarmu ta rufta munka koma ɗibar ruwa bakin kasuwa, ina goye da autata, haƙoranta na fitowa. Ni ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, lambar shekara ba ta dame ni ba. Duk tsohon garinmu in ka ce mishi shekarar ruftawar rijiya ya gane.

A gidanmu akwai wasan da muke ce ma ƴan laka. Wurin gwaggona na gaje shi. Da rani, in an ƙare daka rana ta yi sanyi, sai a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa, mata da yara da samarin gida su kewaye ta. Kowa da mutuminshi, tsawon ɗan yatsa, wanda ya gina da hannunshi da lakar tabki. Ni ce mai baki. Mai baki ba ta da mutum. Ita ke faɗin gari da daji, ita ce kura, ita ce ɓarawon awaki, ita ce tsohuwar da ke zaune bakin hanya. In mutuminka zai yi abu mai wuya, sai ka watsa wuri biyar, irin kuɗin mutanen da, bisa tabarma. In mafi yawansu sunka buɗe ciki sama, ka ci. In sunka kife, abin da na ce shi ya same ka.

Kowane gida da yadda yake haihuwar mutanenshi. A nawa, ba a haihuwar kowa sarki. Sana'ar da ke cikin gari ita za ka ɗauka: noma, kiwo, ƙira, ginin tukwane, haƙar rijiya. Kai za ka zaɓa ma mutuminka baiwa biyu, amma aibinshi ba kai ke faɗi ba, wanda ke zaune hagunka shi ke faɗi. Kuma sai aibi na gaske, wanda zai iya kashe mutum ko ya kunyata shi cikin kasuwa.

Girma kuwa da zare ake yin shi, ana ɗaura shi a wuyan mutumin. Mai zare wuri na yi mishi sauƙi, in ya tara uku ya ƙara baiwa. Zamanin gwaggona, kura za ka kashe a ba ka zare, kuma har yau ƴar'uwata da ke aure Tondikandiya haka take yi. Ni na canza wannan bayan yunwa, don na ga jarumawa da idona lokacin, ba su kashe komi ba. Na ce a tabarmata sai mutuminka ya fita daji ya komo da rai, kuma ya komo da abin da ya amfani mutumin wani. Ƴar'uwata ta ce na ɓata gado. Na ce ta yi nata a gidanta.

In mutum ya mutu kuwa, ya mutu. Mai shi ke fasa shi da hannunshi, ya koma tabki ya ɗebo sabuwar laka.

To, mai gidana yana da ƙane da ya shiga soja tun kafin yunwa. Ranin nan ya zo hutu daga Yamai, ya zama sarjan, galon girma a kafaɗar kaki, takalmi na ƙara. Tsakanina da shi wasa ne tun ina amarya shina yaro mai majina, shi ya ce mini matata, ni in ce mishi ƙaramin miji. Ya iske gari ya canza, don bayan yunwa gidaje da yawa sun tashi, mu ma mun matsa kusa da masallaci. Sai ya nufi tsohon kangonmu da akwatinshi a kai, ya yi ta kewaya unguwa cikin rana. Yara na bin shi, mata na leƙe ta dangar kara, bai ce ma kowa ina gidan wane ba, sai da wanshi ya hango shi daga gindin itacen bedi. Gari duka ya sani, ba wanda ya yi dariya a fili. Lokacin ba a yi ma kaki dariya.

Abin da ya kawo shi, ban da gaisuwa, ɗana ne na fari. Yaron ya isa aure, gonarmu ba ta ciyar da mu, sarjan kuwa ya yi ma wanshi alkawarin zai tafi da shi Yamai ya sa shi koyon tuƙin kamyo, babbar motar soja. Yaron ya daina barci don murna. Shi ke goge takalmin, shi ke kai ruwan wanka, ko ina sarjan ya zauna shina gefenshi. Ni kuwa, da yake ɗan fari ne, ba ni kiran sunanshi, ba ni zama in yi hira da shi, amma na riga na fara dakan garin da zai tafi da shi.

Wata la'asar mun shimfiɗa tabarma sai ga sarjan ya cire takalmi ya zauna.

Ya ce, "Matata, har yanzu kina nan kina mulkin laka?"

Na ce, "Ina nan, ƙaramin miji. Ku kun karɓi ƙasa, wannan ba ku karɓa ba tukuna."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya sa aka kawo mishi laka, ya gina mutum, ya iya kuwa, har da hula. Ya aje shi gabana ya ce soja ne, a ɗaura mishi zare uku.

Na ce, "Garin laka babu bariki."

"To maharbi ne."

"Maharbi akwai. Zare babu."

Ya taɓa kafaɗarshi ya ce, "Wanga da kike gani, a kasuwa na saye shi?"

Na ce, "Wanda ya ba ka wannan ya ga aikinka. Ni mi na gani? Yanzu aka haife shi, ko bushewa bai yi ba."

Ƙanwar mai gidana, wadda ke zawarci a gidan, tana da maginiyar tukwane mai zare biyu. Ta ɗaga ta ta ce, "Yaya, gaida manya." Ya harare ta, ya ce to ya ji, baiwarshi ƙarfi da ido. Sai ya miƙa hannu zai ɗauki wuri.

Na ce, "Saura aibi. Na hagunka."

Sai a lokacin na duba hagunshi. Ɗana ne.

Yaron ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Can ya ce, "Baba ƙarami... aibinshi yawan kyauta."

Mata sunka fashe da dariya. Mai gidana na gefe yana tufkar igiya, na ji ya yi tari irin wanda na sani. Ina iya cewa to, a wuce. Ba wanda zai kama ni. Amma a tabarmar nan na sa amarya ta faɗi aibin uwar mijinta, na sa yaro ya faɗi na ubanshi. Ban dubi yaron ba, na dubi sandar rumfa na ce, "A gaya ma wancan, wannan kirari ne. Aibi aka tambaye shi."

Yaron ya saki bakin tabarmar. Sannan ya ce, da ƙaramar murya, "Ba shi tambayar hanya."

Wallahi ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Duk wadda gari ya haɗiye tun zuwan mutumin nan, a rumfata ta fito. Ƙanwarshi har da kwanciya. Sarjan ya yi murmushi, ya dafa kan yaron, amma na ga hannun ya yi nauyi.

Na buɗe baki na fara. Na ce awakin maginiya sun ɓace, an ga sawunsu sun yi arewa wajen Sanam. Wa zai bi? Maƙeri ya ce a tafi tare, mai haƙar rijiya ya ce zai ɗauki guga. Maharbi ya ce shi kaɗai ya isa, ya saɓa baka ya fita. Na kai shi cikin daji, rana ta take, ruwan gorarshi ya yi rabi. Na kai shi inda hanya ta rabu biyu, ga tsohuwar Buzuwa zaune gindin aduwa tana saƙar tabarma. Na maƙe murya na ce, "Sannu baƙo, ina zuwa da rana haka?"

Sarjan ya ce, "Na tambaye ta inda awaki sunka bi."

Na ce, "Kai ka tambaya. Mutuminka ba shi tambaya. In kana so ya karya halinshi, watsa wuri, kuma tunda ba shi da zare, sai huɗu sun buɗe."

Ya watsa. Biyu sunka buɗe. Maharbi ya wuce tsohuwa ko sannu bai amsa ba, ya ɗauki hanyar dama, ta kai shi rijiyar da ta ƙafe tun zamanin yunwa. Gora babu ko ɗigo.

Masu cewa na yi mishi mugunta su saurara nan. Na ba shi ƙofa, irin wadda nake ba kowa. Na ce in ya hura wuta hayaƙi ya tashi, mutanen gari za su gani, kuma maginiya mai zare biyu ta san dajin nan, za ta kawo mishi ruwa. Ƙanwarshi har ta ɗauki mutuniyarta tana cewa, "Kira ni, yaya, in zo in goya ka." Ya ce shi ba mace ce za ta ɗauko shi daga daji ba, yana da ƙarfi, zai koma da ƙafarshi. Na ce watsa. Ya watsa, duka biyar sunka kife.

Na ce, "Maharbi ya faɗi bakin rijiya. Angulaye sun sauka. Allah ya jiƙan shi."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon.

Ya ce, "Matar yaya, ki ce suma ya yi." Bai ce matata ba.

Na ce, "Ya mutu. Fasa shi."

Mai gidana ya aje igiya ya kira ni bayan rumbu. Ya ce, "Ke, laka ce fa. Ki ce ya suma, ki ɗaura mishi zaren, mi ya rage ki? Tafiyar yaron nan kike so ki ɓata?" Na san gaskiya yake faɗi game da tafiyar. Na san halin ƙanenshi tun yana tsirara. Na komo na zauna, yaron na kallona, karo na farko tun da ya girma da ya dube ni ido cikin ido.

Na ce ma sarjan, "Uwarka da ta haife ka, Allah ya yi mata rahama, ta yi shekaru tana renon ungozomarta ta laka a tabarmar nan, zare huɗu a wuya. Ranar da ruwan kwari ya tafi da ita, da hannunta ta fasa ta, ta share hawaye ta aiki yaro tabki. Ba ta ce mini suma ba. Ga laka nan ta rage, gina wani. Gobe ka fita da mutane, ka komo da awaki, in ɗaura maka zare da hannuna in yi maka guɗa."

Ya dube ni, ya dubi wanshi. Ya ɗauki maharbin ya sa aljihun kaki, ya ɗaura takalmi ya fita. Ranar kasuwar Filinge ya shiga mota tun da safe. Bai ce yaron ya haɗa kaya ba, yaron kuwa ya riga ya haɗa. Daga baya munka ji ɗan wan matarshi ya ɗauka ya sa a tuƙin.

Mai gidana bai yi mini magana ba har ruwan shuka. Garin da na daka mu munka sha shi. Ɗana bai sake zama a tabarmar ba, makiyayinshi mai zare ɗaya ya bar shi bisa katanga har damina ta narkar da shi. Ya tafi cirani bakin teku da ƙafarshi, ya yi dako, ya sayar da ruwa, ya komo ya kama gonar ubanshi. Sa'ad da soja sunka sauka ƴan siyasa sunka fara yawo da tuta, wancan yaron ya riga ya gina gidan kwano a Yamai. Duk wanda ya je ya gani sai ya zo ya ba mu labari, kamar mun aike shi.

Mata sun ce na sayar da arzikin ɗana don ɗan yatsan laka. Su faɗa. Shekarun sojan nan kowa "to" yake cewa, mai gari na cewa to, liman na cewa to, mai gidana na cewa to. Ni ma na ce to a kasuwa, na ce to a layin rabon hatsi. A tabarmata kaɗai wuri ke faɗuwa yadda ya faɗi, ga yaro ga babba. Da na ce suma ranar, gobe wa zai ji tsoron rijiya in na ce ta ƙafe? Kuma ba ni na hana shi hura wuta ba. Ko yau aka sake shimfiɗa tabarmar, aka sake watsa wurin sunka kife, abin da na faɗa shi zan faɗa.

Cikin waɗanda sunka zauna rumfar ranar, mai gidana ya rasu, waɗanda ke da maƙerin da mai haƙar rijiyar duk sun rasu. Ƙanwar mai gidana na nan garin Damana wurin jikokinta, kunne ya tafi. Sarjan na nan Filinge ya yi ritaya, ido ya yi rauni, ba mu haɗuwa sai wurin gaisuwar mutuwa, ya ce matar yaya ina gajiya, in ce lafiya lau. Sai ni. Sai ɗana, wanda furfura ta cika ma gemu. Shi ya yi mini ɗakin da nake ciki, shi ke auno mini hatsi, kullum safe yana durƙusawa bakin ƙofa ya gaishe ni. In kamyo ya wuce bisa hanya yakan tsaya da hauya a hannu ya bi shi da kallo. Bai taɓa ce mini ya yafe ba, ni kuma ban roƙe shi ba.