Gayyar da Aka Hana Golanmu

Shekara da shekaru ina faɗa wa shugabannin kulob ɗinmu na Ɗantutture magana ɗaya: yaron da ke tsare maku raga da damina, ku taya shi noma. Sai su ce Baba Ilu bai yi boko ba, me ya sani a ƙwallo? Ni da na yanki gefen gonata na ba su suka kafa raga!

Bana golanmu Sanusi ya ce ko a yanka mashi albashi a rubuta a takarda, ko a riƙa yi mashi gayya, don duk ranar wasa ciyawa ke cinye mashi gero. Suka yi dariya. Wani kulob na Dutsin-Ma ya ɗauke shi.

Jiya muka yi kiciɓis a kasuwar Dutsin-Ma, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, kunyarka ta hana ni zuwa sallama."

"Bar zancen kunya. An nome geron?"

"An nome, Baba, har maimai. Da albashin farko na sa 'yan ƙwadago."

"To tashi, kada ka ɓata sabon wandonka."

Wallahi raina fes na hau mashin na dawo gida. Yaro ya samu, gero ya tsira.

Amma Juma'a muna da wasa da 'yan Dabawa, kuma raga ba kowa. Alhaji shugaba, na san kana ganin rubutun nan. Fito ka amsa mani a gaban jama'a: fartanya goma ta wuni ɗaya ce ta gagare ku?