Hannun da Ya Daina Jin Wuta

Yayana Arzika ya shekara ashirin da biyu yana sayar da shayi a bakin tashar mota a Miga. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya ajiye karatu ya kafa tebur, ni kuwa, Musaddiq, na ci gaba har na zama malamin kimiyya a wata sakandare a Dutse. Da damina yana taɓa noman gero da riɗi, amma teburin nan shi ne rayuwarsa. Mutum ne mai son raha, mai son a yabe shi, kuma wannan son yabon ne mutanen tasha suka kama shi da shi.

Shekara biyar da suka wuce, wata safiya garwashi ya faɗo daga kurfotinsa. Ya sa yatsu ya ɗauka ya mayar, ko gezau bai yi ba. Wani direba mai shegen surutu, Tasi'u, ya gani ya kurma ihu: "Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Wuta ba ta cin Arzika!" Kafin sati ya zagayo an laƙaba masa suna Gagara-Wuta. Fasinja ya sauko daga mota, sai a ce a nuna masa. Yaya ya tsoma yatsa a tafasasshen ruwa, a tafa, a yi shewa. Wasu suka ce gadon maƙera ne, alhali kaf zuri'armu babu wanda ya taɓa riƙe guduma.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne har da ni a masu tafin. Ni da kowace shekara nake zana wa ɗalibai jijiyar saƙo a allo! Ni nake gaya musu cewa jijiyar da ke kai ji daban take da wadda ke kai jini. Fata ta taɓa zafi, saƙo ya ruga cikin ƙwayar jijiya kamar wutar lantarki a waya. In ya kai ƙarshenta akwai ɗan giɓi, sai ta fesa sinadari ya tsallaka ya tayar da ta gaba, a haka har laka. Laka ce ke fizge hannu tun kafin ƙwaƙwalwa ta san an ƙone. Har cewa nake, "Zafi mai gadinku ne, yara." Sannan ranar Juma'a in hau mota in je Miga in zauna ina dariya, hannun ɗan'uwana yana dahuwa a gabana.

Sai da gyambo ya fito masa a tafin hannu ya ƙi warkewa, ƙananan yatsunsa biyu suka fara lanƙwashewa, sannan hankalina ya dawo jikina. Na kawo shi wani asibiti a Dutse. Ma'aikaciyar da ta duba shi, Malama Rukayya, ta ɗaga rigarsa ta ga wani farin tabo a bayansa. Ta taɓa wurin da auduga, bai ji ba.

"Malam, kuturta ce," in ji ta. "Ƙwayar cutar tana shiga jijiyar ta lalata ta, saƙo ya daina wucewa. Tun yaushe ka daina jin zafi?"

"Shekara huɗu," Yaya ya ce, har da ɗan murmushinsa na alfahari.

Ta juyo ta dube ni. "Kai fa, me kake yi?"

Na ce ina koyar da kimiyya. Ta yi mini wani kallo, wanda da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce magani zai kashe cutar, kuma da ya fara sha ba zai shafa wa kowa ba. Amma jijiyar da ta daɗe a mace, da wuya ta farfaɗo.

Labari ya riga mu isa Miga. Mutanen da suka shekara huɗu suna cewa "ƙara yi mu gani" su ne suka fara tsallake teburinsa. Tasi'u, wanda ya raɗa masa sunan, yanzu daga cikin mota yake ɗaga masa hannu. Na tare shi na ce, "Ba kai ka ce wuta ba ta cinsa ba? Sauko ka sha mana!" Ya ja motarsa. Wallahi har yau in na tuna sai haushi ya kama ni. Yaya kuwa kullum yana hura gawayinsa, yana shan maganinsa, yana cewa in hannun ya dawo kowa zai dawo.

Bayan shekara guda muka koma gwaji. Malama Rukayya ta ce ya rufe ido, ya faɗa duk inda ya ji tsinin biro. Ta taɓa tafin hannunsa na dama wuri goma, yana zaune shiru yana jira. Na kasa daurewa, na kama ɗaya hannun na matse da duk ƙarfina.

Idonsa a rufe ya ce, "Malama, ki fara mana. Musaddiq, kana nan kuwa? Zo ka riƙe mini hannu, gabana faɗuwa yake."