Kai Yaya Kulu Gaban Inna Bayan Aikin Tumbi

Bagudo zuwa Tuga

Mun bar Bagudo da aka sallame sallar asuba, ni da yayata Kulu, za mu gaida Inna a ƙauyensu da ke cikin Benin, gaba kaɗan da iyaka. Inna yayar mahaifiyarmu ce, ita ta riƙe Kulu, yanzu tsufa ya rufe mata ido. Gabanmu na faɗuwa, domin Inna ba ta san an yi wa Kulu aiki ba. Ƙiba ce ta tara mata ciwon suga da hawan jini, har ta koma sallah a zaune, sai likitoci suka rage mata tumbi. Suga ya sauka, ƙafa ta saki, amma yanzu loma kaɗan take yi ta ɗaga hannu. In ta ƙara, sai zufa da amai.

Direbanmu ya san Kulu tun tana cika kujerar gaba ita kaɗai. Muna hawa gadar Tuga, kogi ya cika maƙil, ya ce da ni, "Hajiya Rabi, ina yayag ga taki mai jiki? Ta kwan biyu ba ta shiga motata ba."

Kulu ta ce, "Ga ta nan bayanka."

Ya leƙa madubi, ya yi salati, ya ce, "Allah shi ba da lahiya." Abin nan yana ba ni haushi. Lokacin da ciwo ke cinta ana cewa ta ji daɗi, yanzu da ta samu sauƙi kowa jaje yake mata.

Kaoje zuwa Tsamiya

A Kaoje muka tsaya da hantsi. Na sha fura da nono na ƙoshi, Kulu ta kurɓa sau biyu ta miƙo min. Daga nan hanya ta lalace, ga shingaye, kowanne sai an leƙo an tambayi inda za mu. A Tsamiya muka hau babura muka ƙetare, muka isa ana kiran azahar.

Gidan Inna

Inna da hannu take gane mutane. Ta kama damtsen Kulu, ta shafa, ta sake shafawa.

"Hannun wa na wanga?"

"Ni ta, Inna. Kulu."

"Mi yas same ki?"

"Lahiya lau nike."

Inna ta sa aka tuƙa tuwon shinkafa da miyar kifi, aka cika wa Kulu akushi ita kaɗai. Ita Inna tana da wata al'ada: in baƙo ya gama ci sai ta shafa cikin kwanon. Wanda ya rage mata abinci, ta ɗauka yana riƙe da ita a zuciya, kuma ba ta mantawa.

Kulu ta yi iya lomarta ta tsaya. Na matsa a hankali na sa hannu don in rage mata.

"Rabi, hidda hannunki," in ji Inna. "Na san taunarki."

Sai Kulu ta ci gaba da tura tuwon, zufa na keto mata, idonta ya kawo ruwa. Tausayinta ya kama ni, na janye akushin, na faɗa wa Inna komai.

Inna ta juya wajen Kulu. Ta ce, "Sunka yanke miki ciki, ba ki gaya min ba?"

"Tsoro ni ji, Inna."

"Cikin da nic cika da hannuna. Ashe cuta nike ɗura miki."

Kulu ta fashe da kuka tana cewa ba haka ba ne. Ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Da gari ya waye Inna ta dama kunu mai ruwa-ruwa da kanta, ta ƙi a taya ta. Ta lalubo wani ɗan ƙaramin ludayi, ta ce Kulu ta zauna gabanta.

"Ranar da anka kawo min ke yaye haka kika yi, ki kurɓa ki ture. Ban yi hushi ba, na bi ki sannu har kin saba. In kin ƙoshi, ture hannuna."

Kulu ta sha kaɗan, ta ture hannun. Inna ta ajiye ludayin, ba ta shafa ƙwaryar ba.

Na fara haɗa kayanmu, sai ta ce, "Aje nata. Ɗiyar da anka kawo yaye ba ta bin wanda yak kawo ta. Ke tahi."

Komawa

Na bar wa Kulu magungunanta, na biyo hanyar da muka zo, kujerar kusa da ni wata mai tallar manja ce a kai. Na shiga Bagudo dab da magariba, ina gode wa Allah da ya kai mu lafiya, ya kuma nuna wa Inna wannan rana da ranta. Mijin Kulu na tsaye a ƙofar gida, ya leƙa bayana ya ce, "Ina yayar taki?"

Na ce, "Tana wurin yaye."