Hodar Gidiyon da Amyar Baba Lawan

Duk wanda ya zauna a layinsu a Panshekara ya san Gidiyon, ko bai san sunansa ba ya san warinsa. Shekara da shekaru yana aiki a wani kamfanin jimar fata a Chalawa, warin ɗanyar fata kuwa ba ya jin sabulu. Idan ya shiga a-daidaita-sahu, mata sukan ja gyale su toshe hanci, shi kuma ya kafe ido a titi kamar ba da shi ake ba. Wataƙila abin da ya mai da shi mutum mai tsananin gudun abin kunya ke nan. Rigarsa kullum a goge take, ba a jin muryarsa a waje, kuma ya gwammace ya kwana da yunwa da a nuna shi a ce ga wanda ya yi ba daidai ba. Hali ne mai kyau, sai dai nasa ya yi yawa.

Daga wani ƙauye a bayan Kafanchan ya zo Kano yana saurayi. Ya yi dako a Bompai, ya yi aikin leda a Sharaɗa har inji ya kusa cinye masa yatsa, sannan Baba Lawan ya kama hannunsa. Baba Lawan mutumin wajen Ringim ne, a lokacin shi ne mai gadin ƙofar kamfanin fatar. Ya gaji da ganin saurayin nan a bakin ƙofa kullum da safe, sai ya yi masa magana wurin manya aka ɗauke shi. Shi ya samo masa ɗaki a layinsu, kuma da Gidiyon ya auro Rut, tsohon ya zauna a ƙofar coci cikin rana har aka gama ɗaurin aure, don dai a ce ango yana da uba a garin.

Da Baba Lawan ya ajiye gadi, sai ya koma sana'ar gidansu ta kiwon zuma. Ya ɗora amya uku a kan wata ɗorawa a bayan layi, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Ba wata zumar a zo a gani yake samu ba. Amma matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watsu neman abinci, saboda haka a gindin ɗorawar nan yake wuni, yana kallon ƙudan zumarsa suna shiga suna fita. Har hira yake yi da su, kowa ya sani, ba wanda yake yi masa dariya.

A bazarar shekarar da abin ya faru, rina ta yi gida a ƙarƙashin kwanon gidansu Gidiyon. Rut zoɓo da kunun aya take sayarwa, tsakar gida ba ya rabuwa da zaƙi, rina kuwa ta ga wurin zama. Wata Asabar ɗaya ta harbi Rut a fatar ido. Washegari ta je coci da ido a kumbure kamar ƙwai, mata suna ta satar kallon Gidiyon, wata dattijuwa ma har ta ja shi gefe ta yi masa nasiha a kan haƙuri da iyali. Ya dawo gida ko abinci bai iya ci ba.

A wurin aikinsu akwai wata farar hoda da ake kira borik, ana zuba ta a ganga wajen wanke fata kafin jima. Idan buhu ya fashe, abin da aka share daga ƙasa ba a mayar da shi ganga, ma'aikata sukan ƙulle shi a leda su kai gida saboda kyankyasai. Wani abokin aikinsa ya ce masa rina ma tana ji, in dai an dama hodar a ruwan sukari. Ba nan take take kashewa ba, sai sun sha sun koma sheƙa. Gidiyon ya dama, ya ƙara ragowar zoɓon Rut don ƙamshi, ya zuba a murafan robobi ya jera a kan katanga.

Kafin a jima rina ta yi sauƙi. Maƙwabta suka ji labari, kowa ya zo yana roƙo. Mutumin da aka saba toshe wa hanci sai ga shi ana yi masa sallama har gida, ana kiransa likitan rina. Daɗin abin ya shige shi ƙwarai. Ranar da ba shi da aiki, gida-gida yake bi da roba a hannu, har ya zamana babu katangar da ba ta da murfinsa a layin.

Wata safiya yana canza ruwan murfin gidansa, sai ya tsaya cak. Abin da ya yi dafifi a bakin murfin ba rina ba ce, ƙudan zuma ne. Lokacin zafi ne, fure ya yi ƙaranci, ruwa ya yi wuya, ga zaƙi an shimfiɗa musu a kowace katanga. Gidiyon ɗan mai ɗiban zuma ne, tun yana ƙarami yake riƙe wa ubansa wuta a gindin bishiya. Idan akwai wanda ya kamata ya yi wannan tunani tun farko, to shi ne. Ya bi gidaje ya kwashe murafan, yana cewa maganin ya gama aikinsa, bai gaya wa kowa dalili ba, har Rut.

Amma aikin gama ya gama. Amya biyu daga cikin na Baba Lawan suka yi tsit. Baba Lawan ya zo gidan da yamma, ya buɗe tafin hannunsa, ga matattun ƙudan zuma a ciki. Ya ce ya rasa gane kan abin, babu wuta, babu feshi a gonakin kusa, amma ya ga rina tana shawagi a bakin amyar da ta rage, kuma ya san rina tana kama zuma.

"Ɗana, taimakona za ka yi," in ji shi. "Ka zo ka sa mini maganin nan naka a gindin ɗorawa, ko guda ɗayar nan ta tsira."

Nan ne wurin da ya kamata Gidiyon ya buɗe baki. Ya dubi furfurar tsohon, ya tuna dattijuwar coci, ya hango layin gaba ɗaya ana nuna shi ana cewa ga wanda ya saka wa Baba Lawan da wannan. Sai ya sunkuyar da kai.

"To, Baba. Gobe zan kawo muku."

Dabara ya yi, irin dabarar mai jin kunya. Ya dama ruwan sukari zalla, ko ƙwayar hoda bai sa ba, ya kai gindin ɗorawa. Ƙudan zuma suka sha suka ƙoshi. Baba Lawan ya tambaya ko ba zai cuce su ba, Gidiyon ya ce ai rina kaɗai yake kamawa. Kullum kafin ya tafi aiki sai ya biya ya zuba sabo, da sukarin Rut, tana ta mitar sukari ba ya auki. Amyar ta farfaɗo, don dama yunwa tana cikin abin da ke damunta. Tsohon ya dinga yabon maganin Gidiyon a masallaci da wurin mai shayi, yana cewa Allah ya ba yaron nan basira. Duk yabo ɗaya sai Gidiyon ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi, amma yana gaya wa kansa ai gyara yake yi, kuma gyaran da aka yi a ɓoye ma gyara ne.

Ana haka Babbar Sallah ta zo. Duk mai aikin fata ya san abin da ke biyo bayan layya: motoci suna ta sauke fatun raguna da na shanu, kuma fata ba ta jiran kowa, in ba a sa mata gishiri an shigar da ita ba sai ta ruɓe. Aka hana hutu, aka haɗa wa kowa aiki biyu. Gidiyon yakan dawo ne kawai ya watsa ruwa ya faɗi a katifa. Gindin ɗorawa ya fita daga kansa.

Baba Lawan kuwa ya ga murafai sun bushe, ya ga rina ta sake leƙowa, kuma bai so ya dami yaron da ke fama da aiki ba. Ya je wurin Rut ya ce ta ɗan ɗebo masa hodar, ai ya ga yadda ake damawa a gidajen maƙwabta. Rut ta ɗauko ledar daga saman kabad ta ba shi da hannu biyu, har da ƙarin sukari. Me za ta hana Baba?

Sai da aiki ya lafa, wata Lahadi bayan sun dawo daga coci, ta ambata masa a cikin hira, tana tuɓe ɗankwali. Gidiyon bai ko cire takalmi ba ya fita. Tun daga nesa ya san ya makara, don ɗorawar da ake jin kugin zuma tun kafin a iso ta, ranar babu motsin komai. Baba Lawan yana zaune a kan buhu, murafai a jere a gabansa, kowanne cike da ruwan da ya dama. Ƙasa duk matattun zuma, tururuwa tana ja.

Tsohon ya ɗago ya yi masa sannu da aiki. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, kullum yana zubawa, har ƙara hodar ya yi da ya ga suna faɗuwa, amma rinar bana ta fi ƙarfin magani. Ya ce kada Gidiyon ya sa wa ransa damuwa, shi ya yi nasa.

Wannan ce Gidiyon ya kasa haɗiyewa. Ya durƙusa a cikin turɓaya da wandonsa na coci, ya faɗi komai, tun daga murafan katanga har ruwan sukarin da babu komai a cikinsa. Bai ɗaga kai ba har ya gama. Kunyar da ya yi ta gudu ta same shi duk da haka, kuma ta ninka wadda zai ji da ya yi magana tun ranar farko.

Baba Lawan bai yi faɗa ba, Gidiyon kuwa da faɗan ya fi masa sauƙi.

"Biyun farko ba ka sani ba, wannan ƙaddara ce," in ji tsohon a hankali. "Amma ranar da na zo gidanka, ka sani?"

"Na sani, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu ya ɗauki murfi ɗaya ya tuntsurar da ruwan a ƙasa, ya ɗauki na biyu. Gidiyon ya matso zai taya shi, sai ya ɗaga masa hannu.

"Bar su. Ni na dama musu da hannuna, ina yi musu bismilla."

Gidiyon yana nan a Panshekara, yana aikinsa a Chalawa. Har yanzu idan rina ta yi gida a layin akan zo a yi masa sallama, sai ya ce ya daina. Baba Lawan bai gaya wa kowa ba, ko Rut daga bakin mijinta ta ji. Suna gaisawa kamar da, tsohon yana amsawa da sakin fuska, har ya tambayi iyali. Da damina ta yi nisa, Gidiyon ya sa aka saƙo masa sabuwar amya daga ƙauyensu, ya ɗauka a ka ya kai har zaure. Baba Lawan ya karɓa, ya yaba saƙar, ya yi godiya. Tana nan jingine a bayan ƙofa, bai ɗora ta ba.