Malama Hadiza ta sauke gilashi don ta amsa gaisuwa

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsugune ina dama koko. Malama Hadiza ta rasu. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, wadda ta koya mini riƙe biro bayan na haifi 'ya'yana duka.

Kokon yana nan, ba wanda ya sha.

Masu kira kuna tambayar gida, ku yi haƙuri ban ɗaga ba. Malam maigidana lafiya lau, ya je jana'iza ya dawo. Ƙananan yara suna makaranta. Inna tana fama da ƙafarta kamar kullum, ba mu faɗa mata ba tukuna. Safiya, babbar 'yata, idonta ya kumbura don kuka. Ni kuwa idan kun ga kuskure a rubutun nan ku yafe.

Ranar Litinin Safiya za ta fara aiki a wani ɗakin gwajin jini can wajen gari, da tsohuwar motar babanta. Malam ya damƙa mini mukullin, ya ce ni zan yanke, ko ta tuƙa ko kada ta tuƙa. Shekaranjiya na amince. Yau ban sani ba.

Na je gidan su Malama a Ƙofar Na'isa. Ƙanwarta Rabi ce ta ba ni labari, don tare suka je wani biki jiya.

Ta ce bayan la'asar Malama ta riga ta fita, ita ta tsaya sallama da uwar amarya. Motar tana can ƙarshen wajen fakin, bayan ɗakin taron, maigadi kuma yana bakin get yana fama da masu shigowa. Malama ta shiga, ta kulle ƙofa. Kullum sai ta kulle. Jakarta ma tana ƙarƙashin kujera, ba ta taɓa barin ta a fili.

Sai wani mutum ya matso, da farar shadda da hula, ya rusuna a gefen motar. Ya ce ba Hadiza ba ce, 'yar Alhaji Buba na Ƙofar Na'isa? Ya jikin Baba?

Ku da kuka tashi a cikin birni kun san abin. Mutum ya kira sunan mahaifinka, ko ba ka gane shi ba sai ka nuna ka gane. Kunya ba za ta bar ka ka ce waye kai ba.

Ta sauke gilashi.

Ya zura hannu ya buɗe ƙofar, wani ya fito daga bayan wata mota ya fizgo ta. Rabi ta hango su daga nesa, ta ce ko kokawa ba ta yi da su ba. Mayafinta ne ya maƙale a ƙofa, suka ja motar tana jan ta a ƙasa.

Rabi tana ganin a lasifika ya ji sunan. Maroƙiya ta yi ta kiran ta da sunan mahaifinta da na unguwarsu lokacin da ta tashi yin liƙi, kuma har waje ana ji.

A asibiti ta farfaɗo na ɗan lokaci. Rabi tana kuka tana cewa Yaya me ya sa kika buɗe. Ta ce mata, "Sunan Baba ya kira. Ta bayan gilashi zan amsa masa?"

Da asuba ta cika.

Motar ma ba wata motar kirki ba ce. Mu ɗalibanta akwala muke ce mata, ita kuma ta ce duk wadda ta sake zagin motarta yau da ƙafa za ta koma gida. Amma ba ta taɓa barin kowa ba. Mu cika ta har da masu goyo, ta sauke ta Ƙofar Nassarawa, ta zagayo ta ajiye ni a Mazugal, alhali ba hanyarta ba ce.

Ranar da na fara zuwa aji na zauna a baya, na rufe fuska da mayafi, don akwai sa'o'in 'yata a ciki. Ta baro allo ta zo ta zauna kusa da ni a tabarma, ta kama hannuna da nata muka yi harafin farko tare. Tafin hannunta da sanyi. Ba ta saki hannuna ba sai da muka cika layi.

Daga baya Farfesa take kira na. In na makara ta ce a tashi tsaye, Farfesa ta iso.

Ita ta koya mini rubutu a waya. Ta ce ta gaji da saƙon muryata, kullum sai ta ji kukan akuya da faɗan yara kafin ta ji abin da nake so.

Haɗuwarmu ta ƙarshe shekaranjiya ce, a tsakar gidana. Maganar mukullin nan ce ta kawo ta, don ita ta koya wa Safiya tuƙi. Na ce mata tsoro nake ji, gari ya lalace. Ta zaunar da Safiya a gabana ta sa ta maimaita abin da ta koya mata, kamar hadda. Ta yi fakin kusa da get inda mutane suke. Ta riƙe mukulli a hannu tun kafin ta fito. In ta shiga ta kulle ta tayar, ban da zama ana danna waya. In kuma an tare ta, ta miƙa mukulli ta ja da baya.

Sannan ta juyo ta ce, "Maman Safiya, ke da kika koyi karatu da furfura, tuƙin 'yarki ne zai gagare ki? Ki ba ta."

Na yi dariya na ce na ba ta. Ta sha ruwa, ta ɗauki ƙuli-ƙuli biyu a faranti, ta ce na hanya ne.

Wadda ta san duk wannan ita ce yau aka kai makwanci. To wa ya rage?

Ɗazu na shiga wajen Safiya. Ni na tarbiyyantar da yarinyar nan. Tun tana ƙarama nake ranƙwashinta in babba ya gaishe ta ba ta durƙusa ba. Yau da bakina na ce mata in tana cikin mota, duk wanda ya yi mata sallama, ko sunan wa ya kira, kada ta sauke gilashi.

Ta ɗago ta ce, "Umma, in kuma da gaske abokin Baba ne fa?"

Na ce ya yi fushi.

Ta ce, "Ke za ki iya?"

Na tashi na fito. Ba zan iya ba, kuma ta sani. Ita ma ba na jin za ta iya, don ni na sa mata wannan kunyar da hannuna.

Iyaye mata da 'ya'yanku suke tuƙi, don Allah ku amsa mini kafin Litinin. Me kuka faɗa musu da ya zauna? In na hana ta, na rushe abin da Malama ta gina. In na ba ta, kullum sai na mutu kafin ta dawo.

Allah Ka jiƙan Malama Hadiza. Ka yafe mata, Ka haskaka kabarinta da kowane harafi da ta koya wa mace irina. Ka ba Alhaji Buba da Rabi haƙuri. Waɗanda suka yi wannan, Kai Ka san inda suke.

Duk wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a ko sau ɗaya ne. Ya haɗa da Safiya.