Farin da ke Bayana a Hoton Biza

Ina cikin gonar gero ina maimai saƙo ya shigo wayata cewa an ba ni gurbin ƙaro karatun aikin gona a ƙasar waje, shekara biyu. Na yar da fartanya na yi gida da gudu, ni da nake malamin makaranta mai mata da 'ya'ya. Kafin la'asar labari ya gama ƙauyenmu, har abokan wasa sun fara kirana Bature.

Abin da ya rage shi ne biza. Takardu duk na haɗa, sai hoto. Na hau mota zuwa Minjibir, mai hoto ya zaunar da ni ya ɗauka, sannan ya duƙufa a kan kwamfuta don ya kyauta mini. Ya goge tabon lauje da ke haɓata tun ina ƙarami, ya ƙara mini haske, ya shafe bayana fari fat. Na fito kamar wanda bai taɓa shiga rana ba. Hoton ya burge ni ƙwarai, har na nuna wa matata ina taƙama.

Ranar wata Alhamis da hantsi, matar da ke kula da takardunmu ta bugo waya. Ta ce an dawo da hotona, domin ba a karɓar wanda aka gyara da na'ura. A ɗauki wani: baya fari na gaske, ba inuwa, ba hula, ba murmushi. Ta ce ko da waya aka ɗauka ya isa, amma in bai shigo kafin ƙarfe huɗu ba, za su tura takardun sauran waɗanda aka ba gurbin babu nawa, ni kuma sai baɗi, in da rabo. Ga shi ruwan da aka tafka ya yanke hanyarmu, ko babur ba ya fita.

A ranar na gano duk ƙauyenmu babu farin bango. Gidajenmu na jar ƙasa ne, masu siminti kuma ba su kai ga fenti ba. Ƙanwata, wadda ta zo ganin gida daga Bici da wayarta mai kyau, ta ce ita za ta ɗauka. Muka je bangon masallaci, ashe damina ta yi masa zane-zane. Muka gwada zanin gado, furanni ne. Baba ya ciro farar rigarsa ta Juma'a, aikin wuyan ya leƙo ta bayan kunnena. Kawu ya kawo buhun taki ya ce a juya shi, rubutun ya fito ta ciki. Kowane gwaji sai gidan ya kaure da dariya, ni kuwa da an ce kada in yi murmushi sai haƙorana su fito gaba ɗaya.

"Yaya, rufe bakin nan mana," in ji ƙanwata. "Ba tallan man goge baki muke yi ba."

Da aka kira azahar dariyar ta ƙare mini. Tsoro ya kama ni, na fara yi wa kowa tsawa, har da Kawu da ya girmi mahaifina.

Duk wannan Inna tana zaune a tabarma tana tsinkar zogale. Tun da labarin tafiyar ya zo, ban da "Allah ya sa albarka" ba ta ƙara cewa komai a kai ba. Sai ta karkaɗe hannunta, ta shiga ɗaki. Muka ji ƙarar murfin adaka. Ta fito da ƙunshi a leda, ƙunshin da babu wanda bai san shi ba. Likkafaninta ne, wanda ta sayo a aikin hajji ta tsoma a zamzam.

"Haba, Hajiya, wannan kuma?" in ji Baba.

"Fari aka ce ana so, Malam. Akwai abin da ya fi shi fari a gidan nan?"

Matata ta zuba garwashi a dutsen guga, ta goge layin ninkin. Baba ya riƙe gefe, Kawu ya riƙe gefe, suka ɗame shi a bakin zaure inda haske ke shigowa. Na tsaya a gabansa, ƙamshin turaren adakar Inna yana tasowa daga bayana. Wannan karon babu wanda ya ce in rufe baki. Sau ɗaya ƙanwata ta danna.

Ta hau surin da ke bayan gida, inda sabis ya fi kamawa, ta tura. Ba mu yi sallar la'asar ba amsa ta zo: an karɓa. Matata ta rangaɗa guɗa, Kawu ya manta na yi masa tsawa ya rungume ni, ni kuwa murna ta hana ni tsayawa wuri ɗaya, sai zagaye tsakar gida nake yi.

Inna ta kira ni in riƙe mata gefe ta ninke kayanta.

"Ka ga, likkafanin nan zai sake shiga jirgi a hotonka, ni ina nan zaune," ta ce tana dariya. "Shekara biyu ka ce ko?"

"Biyu, Inna."

"To kada ka ƙara ko wata ɗaya. Ran da za a sa ni a cikinsa, hannunka nake so ya karɓe ni."

Jami'ai da yawa sun duba hoton nan, su kalli tabon, su kalle ni, su buga hatimi. Babu wanda ya taɓa tambayar farin da ke bayana. Da na gama, malamina na can ya roƙe ni in ƙara shekara guda. Na yi masa godiya, na haɗa kayana. Na iso gida saura kwana tara shekara biyun ta cika, na tarar da Inna a tabarmarta tana tsinkar zogale.