Maryamu Ta Kau Da Kai

Gara ce ta ja mini. Ana gab da Kirsimeti, a farkon shekarun tamanin, ta cinye hoton Maryamu da jaririnta da ke rataye a ɗan cocinmu na Nguru. Fada, limamin cocin da ke zuwar mana daga Gashuwa a kan babur, ya ji cewa ni ke zana wa 'yan firamare taswira, sai ya miƙo mini fensir da takarda mai kauri.

Ni kuwa uban iyayi, na zauna na zuba fasaha, na kai masa ina hura hanci.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, faɗa suka yi ne? Ga yaro a cinyarta, ita kuma tana kallon bango."

Na ce, "Haba Fada, ai ɗan fari ne!"

Har haushinsa na ji. Innata cikin Fulani ta tashi, ni ne kuma ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "wancan", ba ta kuma yarda mu haɗa ido. A sanina haka uwa mai kunya take yi, to wace mace ce ta kai Maryamu kunya? Fada mutumin kudu ne, ya yi dariya har da hawaye, ya ce in koma in sa ta dubi ɗanta.

Nan fa ake yin ta, don ban san yadda wannan kallo yake ba. Na zana na goge, na zana na goge. Duk sanda na gama sai ta fito kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Abin ya ci mini rai fiye da yadda na nuna.

Da na rasa dabara, na aro jaririn maƙwabta na ɗora wa Inna a cinya.

Ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki tambayi wancan, aikin yi ne ya rasa?"

Ta dai zauna. Jaririn ya tsula mata fitsari, ta yi tsaki, ni kuma na duƙufa ina ta kankarar takarda. Can bakin fensir ya karye, na ɗago kai ba shiri. Ashe ba jaririn take kallo ba. Ni ta zuba wa ido, fuskarta a sake, irin yadda ban taɓa gani ba. Muna haɗa ido ta juya ta hau akuya da faɗa, akuyar da ke kwance ba ruwanta.

Nan take na fiƙe fensir, na zana kafin abin ya ɓace mini.

Fada ya karɓa ya duba. "Wannan fuska ta yi, Malam. Amma fa har yanzu idonta ya ɗan tsallake jaririn."

Na ce, "Bar ta haka, Fada. Ɗanta take kallo."